3.4 Matsayin 'Yan Kallo Idan Aka Zagi Ƙabilar Ɗalibi a Makarantun Haɗeja

Kamar yadda aka nuna a babi na biyu, ƙasar Haɗeja matattara ce ta Hausawa da Fulani da Mangawa da Badawa, ga kuma baƙi 'yan kasuwa daga kudancin Nijeriya. 'Ya'yan waɗannan al'ummu duk aji ɗaya suke zama a makarantun sakandare. Don haka rikicin manoma da makiyaya da akan yi a fadamun Guri da Kirikasamma ba ya tsayawa a gona, yakan biyo yara har ɗakin kwana. A nan ne za a ji an kira ɗan Fulani ɓarawo, ko an jefi ɗan Ibo da kalmar "nyamiri". Wannan sashe zai dubi ɗaliban da ake yin abin a gabansu.

A shekarar 1996, Christina Salmivalli da abokan aikinta a ƙasar Finlan sun kasa irin waɗannan ɗalibai gida huɗu. Akwai masu taya mai zagi, da masu zuga shi da dariya ko shewa, da masu kau da kai, sai kuma masu kare wanda aka zaga. Tun a 1968 kuwa Darley da Latané suka nuna a Amurka cewa idan 'yan kallo suka yi yawa, kowa yakan ɗora wa na kusa da shi nauyin tsawatarwa, har a watse ba wanda ya ce uffan.

To amma a Haɗeja akwai wani dalili da waɗannan masana ba su taɓo ba, wato wasan barkwanci. Yaro yakan tashi ya tarar Bafulatani da Babarbare suna kiran juna bawa, a yi dariya a rabu lafiya. Mai zagi yakan fake da wannan al'ada, da zarar an yi masa magana sai ya ce, "Ai wasa nake yi." Shi kuma ɗan kallo sai ya ja bakinsa, don gudun a ce bai san wasa ba.

Sai dai barkwanci yana da sharuɗɗa. Tsakanin abokan wasa da al'ada ta sani ake yin sa, kuma kowa yana da ikon ramawa. Idan yaro ɗaya ne a tsakiyar goma, ya sunkuyar da kai ya kasa mayar da martani, to an bar wasa an shiga cin mutunci. Ɗalibin da ya gane wannan bambanci shi ya fi saurin cewa "ya isa," ko ya janye abokinsa daga wurin, ko ya kai magana ga shugaban ɗalibai. Hausawa na cewa wargi wuri yake samu, kuma dariyar 'yan kallo da shirunsu su ne wurin.