Wanda Aka Sallama Ya Tafi, Wanda Ya Rage Fa?

Ranar 31 ga Maris 2021 kamfanin Cominak ya daina haƙar uraniyom a Akokan, kusa da Arlit a Nijar, bayan sama da shekara 40 ana aiki a ƙarƙashin ƙasa. Ma'aikata kimanin 600 suka ajiye kayan aikinsu, ban da ɗaruruwan da ke aiki ta hannun 'yan kwangila. Daga Akokan zuwa Garhanga, a karkarar Adar, tafiya ce mai nisa, amma irin wannan labari ba baƙo ba ne a can. Daga Keita zuwa Buza har Madawa, da wuya ka sami gidan da ba shi da ɗa a bariki ko a wajen cin rani, a Arlit, ko Abijan, ko Libiya, ko Najeriya. In aka sallami mutum guda a can, tukunyar gida guda ce ta sauka a nan. Tsohuwar da ta saba aika jikanta ya karɓo saƙo duk ƙarshen wata sai ta koma auna hatsin rumbu da ido, tana lissafin ko zai kai damina.

Wannan kowa ya gani. Abin da shugabanni ba su cika lura da shi ba shi ne halin waɗanda suka rage a bakin aiki. Ana zaton za su yi hamdala su ƙara ƙwazo. Sau da yawa akasin haka ke faruwa, domin in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ruwa kake shafa wa naka. Tun shekarun 1980 wani masani a Jami'ar Kolombiya ta Amurka, Joel Brockner, yake bin diddigin wannan al'amari. Abin da ya gano shi ne, waɗanda suka tsira suna sa ido ne a kan yadda aka yi da abokan aikinsu. An sanar da su da wuri? An faɗa musu dalili? Ma'auni ɗaya aka sa wa kowa? An sallame su da mutunci? In suka ga an yi adalci, sukan haƙura su ci gaba da aiki. In suka ga an yi rufa-rufa, sai jiki ya zauna a ma'aikata, zuciya kuwa ta tafi neman mafita.

A Cominak an ga fuska biyu. Tun Oktoban 2019 aka sanar cewa za a rufe mahaƙar saboda ma'adinin ya kusa ƙarewa, aka kuma zauna da ƙungiyoyin ƙwadago a kan kuɗin sallama. Wannan ya ba mutane damar shiri. Amma ma'aikatan 'yan kwangila, waɗanda suka shaƙi ƙura ɗaya da sauran, sun koka cewa ba a yi musu tanadi irin na ma'aikatan kamfanin ba. Duk lebura a ƙasar nan da ya ji wannan ya san matsayinsa ranar da tasa ta zo.

Misalin da ya fi kusa da mutanen Garhanga shi ne na malaman makaranta. A watan Yulin 2017, zamanin minista Daouda Mamadou Marthé, gwamnatin Nijar ta yi wa malaman firamare 'yan kwantiragi jarrabawa, ƙungiyoyin malamai suka yi kiran a ƙaurace mata, daga baya aka soke kwantiragin dubbai. A shekarar 2017 ɗin dai gwamnatin Nasir El-Rufa'i a Kaduna ta ce malamai 21,780 sun faɗi tata jarrabawar, ta sallame su. Ba mai gardama cewa yaro ya cancanci malamin da ya iya karatu. Sai dai a dubi wanda ya ci jarrabawar. Yana tsaye a ajin zana, iskar hunturu na kwashe alli daga allo, ajin abokinsa da aka sallama an haɗa masa da nasa, ɗan abin da ake biyansa kuma ya saba makara. Gwamnatin da ta ɗauki abokin nasa aiki, ta bar shi shekaru ba horo, ita ce ta kore shi. Da wace zuciya wannan malami zai saurari jawabin sufeto a kan kishin ƙasa?

A manyan ƙasashe rikicin ya ɗauki wani salo. Annobar korona ta sa miliyoyin mutane aiki daga gida ta intanet. Kamfanin Amazon ya rage ma'aikata kimanin 27,000 tsakanin ƙarshen 2022 da 2023, sannan a Satumban 2024 shugabansa Andy Jassy ya ce daga Janairun 2025 kowa ya dawo ofis kwana biyar a mako. Da yake umarnin ya biyo bayan sallama, ma'aikata da yawa suka ɗauke shi kora da hali: a matsa wa mutum har ya ajiye aiki da kansa, a huta biyansa. Shugaban ya musanta haka, amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Bincike ma bai nuna cewa dole sai an tilasta wa ma'aikata zaman ofis ba. Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa sun yi gwaji da ma'aikata fiye da 1,600 a kamfanin Trip.com na ƙasar Sin, aka buga sakamakon a mujallar Nature a 2024. Waɗanda aka bari su yi kwana biyu a mako suna aiki daga gida, ƙwazonsu bai ragu ba, masu barin aiki a cikinsu kuma suka ragu da kashi ɗaya cikin uku.

Malamin ƙauye da unguwarzoma ba za su yi aiki daga gida ba, ajin yara da ɗakin haihuwa sai da mutum a tsaye. Amma mu ma muna da namu umarnin "kowa ya koma bakin aikinsa", wanda akan aiko daga Yamai ko Tawa duk lokacin da aka ce ma'aikata sun guje wa karkara. Umarnin yana kan hanya, don talaka ne ke cutuwa in an rufe aji ko asibiti. Sai dai takarda kaɗai ba ta zaunar da mutum. Wanda ba shi da ɗakin kwana a garin da aka tura shi, wanda sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya karɓi albashi, wanda ya ga ɗan gata ya maƙale a birni ba a ce masa uffan ba, in an tilasta masa zai zo, amma aikin ganin ido zai yi.

Tsakanin ma'aikaci da shugaba akwai alkawarin da ba a rubuta a kwantiragi ba: ka riƙe ni amana, in riƙe maka aikinka amana. Alkawari kuwa kaya ne. Wani lokaci rage ma'aikata ba makawa, ma'adini kan ƙare, baitulmali kan bushe. Abin da ke hannun shugaba shi ne ya faɗi gaskiya da wuri, ya auna kowa da mudu ɗaya, ya biya haƙƙi kafin mutum ya ɗaure kayansa, ya kuma tuna da 'yan kwantiragi da 'yan kwangila, waɗanda su ne farkon fita kuma ƙarshen samu.

Don haka kira nake ga magadan gari, da sufetoci, da shugabannin kamfanoni, har da mai garkar albasa da ke ɗaukar 'yan ƙwadago: ranar da za ku sallami mutum, ku tuna akwai goma a tsaye suna kallo, kuma da su za ku yi aiki gobe.