Hawan Tsaunukan Suwizalan a Jirgin Ƙasa: Fara Zaɓen Layi Kafin Jirgi

Mai shirin yawon buɗe ido a tsaunukan Alps na ƙasar Suwizalan yakan fara cin karo da sunaye biyu da talla ta ɗaukaka: Glacier Express da Bernina Express. Da yawa sukan ɗauka cewa wanda bai hau ɗayansu ba bai ga komai ba. Amma kyan da ake biyan kuɗi a gani yana shimfiɗe ne a gefen layin dogo, kuma layin nan jiragen da ke jigilar mutanen yankin suna bin sa kusan kowace awa. Saboda haka abin da ya kamata matafiyi ya fara tambaya shi ne ta ina dogon ya bi, sannan daga baya ya duba taragon da zai shiga.

Hujja ta farko ita ce, jirgin da ya fi sauri shi ne ke ɓoye dutsen. A 2016 aka buɗe sabon ramin Gotthard mai tsawon kilomita 57, kuma wanda ya nemi tikitin Zurich zuwa Lugano ba tare da lura ba, galibi ta cikinsa za a bi da shi, ya ratsa tsaunin a duhu. Tsohon layin kuwa yana nan yana aiki, yana nannaɗewa a jikin dutse har fasinja ya ga cocin ƙauyen Wassen sau uku daga tsayi daban-daban. Shi kansa Glacier Express, wanda ya fara zirga-zirga a 1930, ya samo sunansa ne daga daskararriyar ƙanƙarar Rhone, amma tun da aka buɗe ramin Furka a 1982 ya daina bi ta kusa da ita. Sunan ya zauna, abin da aka sa sunan dominsa ya koma bayan dutse.

Hujja ta biyu ita ce, tsawon tafiya ba shi ne yawan kallo ba. Glacier Express yana cin kilomita 291 daga Zermatt zuwa St. Moritz cikin kusan awa 8, kuma ido yakan gaji. Layin da Bernina Express ke bi daga Chur zuwa Tirano a Italiya awa 4 ne da ɗoriya, amma ya tattara abubuwan mamaki kusa da juna. Da farko jirgin yana hawa gadar Landwasser mai tsayin mita 65, wadda ta lanƙwasa ta shige kai tsaye cikin bakin rami a fuskar dutse. Wanda ya taso daga Chur ya zauna a hannun dama zai ga kan jirgin yana nutsewa a ramin alhali taragonsa na kan gada. Daga nan sai hawa har tashar Ospizio Bernina, mita 2,253 sama da teku, a bakin tafkin Lago Bianco, sannan gangara zuwa Tirano mai mita 429 kacal. A Brusio dogon ya yi cikakken zagaye, wani sashensa a kan gada, don rage tsananin gangaren. Hukumar UNESCO ta sanya sashen Thusis zuwa Tirano cikin wuraren tarihi na duniya a 2008.

Wani zai ce ai jiragen masu suna suna da manyan tagogin gilashi har rufi, da abinci, da bayani a kunne, kuma ba a sauka a canza jirgi. Wannan gaskiya ne, kuma ga dattijo ko mai tafe da yara da manyan akwatuna, zama wuri ɗaya hutu ne da ya cancanci kuɗinsa. Sai dai akwai abin da ake bayarwa a madadinsa. Dole ne a biya kuɗin kama kujera a kan tikiti, ko da mutum na da katin tafiye-tafiye na Swiss Travel Pass. Manyan tagogin ba sa buɗuwa, gilashin kuma yana ɓata hoto da ƙyalli. Mafi muhimmanci, an ɗaure mutum da rana da lokaci tun makonni kafin tafiya, alhali hazo na iya rufe tsaunin a ranar. Mai hawa jirgin yanki yana iya duba sama da safe kafin ya yanke shawara, ya sauka a tashar Alp Grüm da ke layin Bernina ya sha shayi yana fuskantar ƙanƙarar Palü, ya jira na baya. Canjin jirgi ma ba abin tsoro ba ne, domin an tsara jadawalin ƙasar ne yadda jirage ke haɗuwa a tasha cikin ƴan mintoci.

Lokacin shekara ma yana cikin lissafi. A watan Disamba rana na faɗuwa da wuri, tafiyar awa 8 kan ƙare cikin duhu, don haka gajeren layi da tashin safe sun fi riba. Mai yini ɗaya ya ɗauki layin Bernina. Mai son a yi masa hidima ya kama kujera a Glacier Express da saninsa cewa hutu ya saya. Ko wanne ya zaɓa, ya buɗe taswira ya tabbatar tikitinsa ya bi ta saman dutsen.