Wakilin da ya daga murya: daga Kazaure zuwa majalisar Holan

Mazaɓar tarayya ta Kazaure, Roni, Gwiwa da Yankwashi ɗaya ce daga cikin kujeru 360 na Majalisar Wakilai, amma daga 2015 zuwa 2023 da wuya a sami mai bin harkokin siyasa a Nijeriya da bai san sunanta ba. Dalili kuwa shi ne wakilinta na wancan lokaci, Alhaji Muhammad Gudaji Kazaure, wanda bai iya ɓoye abin da ke cikinsa ba, ko a zauren majalisa ko a gaban 'yan jarida.

A watan Disamba na 2022 ya fito ya yi zargin cewa kuɗin harajin hatimi da bankuna ke cira daga asusun jama'a, har naira tiriliyan 89, sun yi ɓatan dabo, ya kuma nuna yatsa ga Babban Bankin Nijeriya a ƙarƙashin Godwin Emefiele. Adadin ya ninka kasafin kuɗin tarayya na shekarar, wanda ya kai kusan tiriliyan 17, fiye da sau biyar. Fadar shugaban ƙasa, ta bakin Malam Garba Shehu, ta musanta, ta ce kwamitin da yake magana da yawunsa an riga an rushe shi. Kafin nan Gudaji ya rasa tikitin APC a zaɓen fidda gwani na 2022, ya koma ADC, bai kuma dawo majalisa a 2023 ba.

Domin mu auna wannan labari da kyau, bari mu leƙa ƙasar Holan, inda aka yi wani ɗan majalisa da ya bi tafarki mai kama da wannan. Pieter Omtzigt ya shiga majalisar wakilan ƙasar mai kujeru 150 a 2003, a inuwar jam'iyyar CDA. Shi da takwararsa Renske Leijten ta jam'iyyar adawa suka gano cewa hukumar haraji ta yi wa dubban iyalai ƙagen zamba a kan tallafin renon yara, ta tilasta musu maido da kuɗin da ba su ci ba, har gidaje da dama suka talauce. Jam'iyyarsa tana cikin gwamnati, amma hakan bai hana shi shafe shekaru yana rubuta wa ministoci tambayoyi, yana neman takardu ɗaya bayan ɗaya ba. Majalisa ta kafa kwamitin bincike, rahoto ya fito a Disamba 2020, a Janairu 2021 gwamnatin Mark Rutte ta yi murabus ɗungurungum.

Shi ma ya ɗanɗana kuɗarsa a hannun manyan jam'iyya, ya fice daga CDA a 2021. Sai dai a zaɓen Maris na shekarar mutum fiye da 340,000 suka zaɓi sunansa kai tsaye daga jerin 'yan takara. Ya kafa jam'iyyarsa ta NSC a 2023, ta ci kujeru 20. A 2025 ya ajiye siyasa, jam'iyyar ta rasa kujerunta duka a zaɓen Oktoba, amma maganar diyyar iyalan nan ta riga ta zama nauyi a wuyan hukuma.

Mai karatu zai ga inda hanyoyin biyu suka rabu. Omtzigt ya kai ƙorafinsa cikin majalisa da hujja a rubuce, majalisar ta ɗauka ta bi shi har ƙarshe. A nan gida kuwa, maganar tiriliyan 89 ta fi yawo a rediyo da talabijin, aka yi ta musayar kalamai, ƙura ta lafa, talaka bai ji hukunci ba. Alhali sashe na 88 da na 89 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 sun ba Majalisar Tarayya ikon bincikar yadda ake kashe dukiyar jama'a da kiran kowane jami'i ya yi bayani. Zargi mai wannan nauyi ya cancanci zaman sauraron ba'asi a bainar jama'a, ko a tabbatar da shi ko a wanke waɗanda aka ambata.

Bambanci na biyu yana ga wanda ke riƙe da wuƙa da nama. A Holan mai zaɓe yana iya ceto wakilin da jam'iyya ta juya wa baya. A Nijeriya doka ba ta yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, a 2022 kuma 'yan ɗaruruwan daliget ne suka yanke wanda za a kawo wa jama'a.

Mu ma masu zaɓe muna da namu kason. Muddin ma'aunin wakili a Karkarna ko Roni shi ne yawan babura, kekunan ɗinki da buhunan taki da ya raba, babu ɗan majalisar da zai ɓata dare yana karanta rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya. Ya kamata malamai, lauyoyi da ma'aikatan wannan yanki su riƙa tambayar duk mai neman kujerar nan kwamitocin da ya zauna, tambayoyin da ya yi wa ministoci, da takardun da ya tilasta aka fito da su. Allah Ya ba mu wakilai masu ƙarfin hali da haƙurin neman hujja.