Jami'ar Bingham: Asalin Masananta da Abubuwan da Suke Bincike a Kai

Ɗalibin sakandare a Gumel ko Maigatari, in ya ji an ce wane masanin jami'a ne mai bincike, yakan ɗauka cewa mutumin yana shiga ɗakin gwaje-gwaje ne kawai, ya zaɓi abin da ya ga dama ya duƙufa a kai. Al'amarin ba haka yake ba. Galibi tambayar da masani ke ƙare rayuwarsa yana neman amsarta takan samo asali ne daga irin karatun da ya yi da kuma matsalar da ya tarar a inda yake aiki. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Wannan maƙala za ta duba Jami'ar Bingham, wadda Ikilisiyar ECWA ta kafa a Arewacin Nijeriya, da asibitin koyarwarta na Jos, domin a ga yadda asalin masana ke haifar da abin da suke bincike a kai.

Yadda Jami'ar Ta Samu

A ƙarshen shekara ta 1893 wasu samari uku 'yan mishan suka sauka a Legas da niyyar shigowa cikin ƙasar Sudan, wato yankin da ya haɗa da ƙasar Hausa. Su ne Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin shekara ta zagayo, rashin lafiya ta kashe biyu na farko, Bingham kaɗai ya tsira. Shi ne ya ci gaba da jagorancin ƙungiyar da aka fi sani da SIM, wadda ta kafa tasharta ta farko a Patigi cikin 1902. Daga cikin wannan ƙungiya ne Ikilisiyar ECWA ta fito a 1954.

Mutuwar waɗancan samari ta nuna wa 'yan mishan tun da wuri cewa zama a wannan yanki ba ya yiwuwa sai da sanin cututtukansa. Da tafiya ta yi tafiya, aikin asibiti ya zama babban ginshiƙin ƙungiyar. Ita ce ta buɗe Asibitin Ido na Kano a 1943, da Asibitin Galmi a Jumhuriyar Nijar a 1950, da Asibitin Evangel na Jos a 1959, wanda jama'a suka laƙaba wa suna Jankwano.

Nijeriya ta fara ba jami'o'i masu zaman kansu lasisi a 1999. Cikin 2005 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da Jami'ar Bingham, a shekarar da ta amince da jami'ar Musulunci ta Katsina, wadda ake kira Al-Qalam. An fara karatu a Jos a 2006, sa'an nan aka koma mazaunin dindindin a Karu, cikin Jihar Nasarawa, a 2008. Jankwano kuwa ya zama asibitin koyarwa na jami'ar. Ke nan asibitin ya girmi jami'ar da shekara arba'in da shida, kuma a cikinsa aka fara al'adar binciken da jami'ar ta gada.

Zazzaɓin Lassa

A watan Janairu na 1969 wata ma'aikaciyar jinya mai suna Laura Wine ta kwanta rashin lafiya a asibitin mishan na garin Lassa, wanda yanzu yake cikin Jihar Borno. Aka ɗauko ta a jirgin sama zuwa asibitin SIM na Jos, inda ta rasu. Wadda ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, ita ma ta kamu ta rasu. Ta uku, Lily Pinneo, aka kai ta birnin New York na Amurka, ta sha doguwar jinya, amma ta rayu.

Likitar da ta duba waɗannan mata a Jos ita ce Dokta Jeanette Troup, Ba'amurkiya. Ba ta da babban ɗakin gwaje-gwaje. Abin da take da shi shi ne lura da rubutu. Ta rubuta alamomin cutar dalla-dalla, ta binciki gawa, ta adana samfurin jini aka aika Amurka. A Jami'ar Yale, masana irin su Jordi Casals da Sonja Buckley suka gano cewa wata sabuwar ƙwayar bairos ce, aka sa mata sunan garin Lassa. Shi kansa Casals ya kamu da cutar a ɗakin gwaji, aka yi masa ƙarin ruwan jinin Pinneo, wanda yake ɗauke da sinadaran kariya da jikinta ya ƙera, ya kuwa warke.

A farkon 1970 cutar ta ɓarke a Jankwano tsakanin majinyata da ma'aikata. Dokta Troup ta yanke a hannu yayin da take binciken gawar wani majinyaci, ta kamu, ta rasu a watan Fabrairu na wannan shekara. Rahotannin farko da duniya ta karanta game da cutar, waɗanda aka buga a 1970, suna ɗauke da sunanta.

Sauran tambaya ita ce, ina ƙwayar take ɓuya in babu annoba? An sami amsa bayan wani bincike da aka yi a ƙasar Saliyo cikin 1972: wani nau'in ɓera ne mai yawan nonuwa, mai zama kusa da gidaje da rumbuna. Ƙwayar ba ta kashe shi, amma yana zubar da ita a fitsari da kashi. Mutum na kamuwa in ya ci abincin da ɓeran ya ɓata, ko ya taɓa jini ko ruwan jikin mai ciwon. Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, kimanin kashi 80 cikin ɗari na masu kamuwa ba sa nuna alama mai tsanani, amma daga cikin waɗanda ciwon ya kai su ga kwanciya asibiti, wajen kashi 15 cikin ɗari ke rasuwa. Wasu daga cikin masu warkewa kuma sukan kurumce. Don haka rufe hatsi da kyau da tsabtace rumbu a ƙauyukan Gagarawa ko Sule Tankarkar rigakafi ne da ya samo tushe daga wannan bincike.

Ciwon Yoyon Fitsari

Misali na biyu ya fi nuna tasirin asalin masani. A 1992 Dokta Steven Arrowsmith, likitan mafitsara, ya buɗe sashen kula da mata masu yoyon fitsari a Jankwano. Ɗaya daga cikin abokan bincikensa, L. Lewis Wall, bai fara da karatun likita ba. Ya zo ƙasar Hausa ne a shekarun 1970 a matsayin mai nazarin al'adun ɗan Adam, ya zauna a wani ƙauye na ƙasar Malumfashi yana nazarin yadda Hausawa suke fahimtar cuta da magani, ya sami digirinsa na uku a Jami'ar Oksfod ta Ingila. Wahalar da ya ga mutanen karkara suna sha ta sa ya koma ya karanci aikin likita, ya ƙware a kan cututtukan mata.

Yadda ciwon yake faruwa shi ne: in naƙuda ta yi tsawo, kan jariri ya maƙale a ƙugun uwa, sai ya danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa a jikin ƙashi. Jini ya daina kaiwa wurin, naman ya mutu. Bayan 'yan kwanaki sai mataccen naman ya zube, ya bar kafa, fitsari ya riƙa zuba ba tsayawa.

Likitan tiyata tambayarsa ita ce yadda za a ɗinke kafar. Wanda ya karanci al'adu kuwa yakan ƙara da tambayar wace ce wannan mata, kuma me ya hana ta isa asibiti da wuri. Wall da Arrowsmith, tare da Dokta Jonathan Karshima, likitan mata ɗan Nijeriya, da Dokta Carolyn Kirschner, sun tattara bayanan matan da aka yi wa magani a Jankwano daga 1992 zuwa 1999. A 2004 suka buga sakamakon nazarin mata 899 da suka sami ciwon a dalilin haihuwa. Sun gano cewa yawancinsu ƙananan jiki ne da su, tsawonsu bai kai santimita 150 ba, an yi musu aure suna wajen shekara goma sha biyar da rabi, ba su yi makaranta ba, talakawa ne daga karkara. Da yawa sun sami ciwon a haihuwar fari, bayan naƙudar da ta kai kwana biyu ko fiye, jaririn kuma ya zo babu rai. Daɗin daɗawa, da yawansu aure ya mutu bayan ciwon.

Waɗannan alƙaluma sun nuna cewa ɗinki a ɗakin tiyata rabin magani ne. Sauran rabin yana ga abinci mai gina jikin 'ya'ya mata tun suna ƙanana, da karatunsu, da awon ciki, da hanya da motar da za su kai mai naƙuda inda za a yi mata tiyata kafin nama ya mutu. Likitocin Nijeriya, irin su Dokta Sunday Lengmang, suka karɓi ragamar sashen daga baya, kuma ɗaliban likitanci na jami'ar a nan suke ganin ciwon ido da ido. Mutanen Jigawa ba baƙin wannan matsala ba ne, domin tun 2008 Ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka take aikin haihuwa da gyaran yoyon fitsari a Babban Asibitin Jahun. A kusa da Maraɗi ma an buɗe cibiyar wannan aiki a Danja cikin 2012, da ƙoƙarin asusun da Wall ya kafa.

Masana Daga Fannoni Daban-daban

Kada mai karatu ya zaci cewa malaman jami'ar Kirista duk masana addini ne ko likitoci. Duba shugabanninta ya isa misali. Na farko, Farfesa Aaron Gana, masanin kimiyyar siyasa ne da ya koyar a Jami'ar Jos. Farfesa William Qurix, wanda ya hau a 2018, masanin zanen gine-gine ne, ya kuma taɓa shugabantar Jami'ar Jihar Kaduna. Farfesa Haruna Kuje Ayuba, wanda ya gaje shi a 2024, masanin labarin ƙasa da muhalli ne daga Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi.

Abin lura shi ne dukansu daga jami'o'in gwamnati suka fito. Matakan da malami ke bi iri ɗaya ne a jami'ar Kirista da ta Musulunci da ta gwamnati: digiri na farko, na biyu, na uku, sa'an nan koyarwa da buga sakamakon bincike har ya kai matsayin shehun malami. Kafin a buga bincike a mujallar ilmi, sai an miƙa shi ga wasu masana na fannin su tace shi. Ba sa tambayar addinin mai binciken. Suna tambayar mutum nawa ya gwada, ta wace hanya, kuma ko wani zai iya maimaita gwajin ya sami sakamako iri ɗaya. Imani na iya zama abin da ya kai masani ƙauye ya kuma zaunar da shi a can shekara da shekaru, amma hujja ce kaɗai ke tsayar da abin da ya gano.

Darasi Daga Gonakin Maraɗi

Akwai wani binciken da ya fito daga tushen SIM wanda ya fi kowane kusa da manomin ƙasar Gumel, ko da yake ba a harabar jami'a aka yi shi ba. Tony Rinaudo masanin aikin gona ne daga Ostareliya da ya yi aiki a Maraɗi tun daga farkon shekarun 1980. Ya yi ta dasa itatuwa, yawancinsu suna mutuwa saboda fari da iska da dabbobi. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara kafin shuka, tohon kututturan manyan itatuwa ne waɗanda saiwoyinsu ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. In manomi ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi ya bar su, ya sare sauran, ya kuma kare su, sai itace ya tashi da sauri, tunda saiwarsa ta riga ta kai ga danshi.

Manoman Maraɗi da na Damagaram, har zuwa Magarya da ke maƙwabtaka da Jigawa, suka rungumi wannan dabara, suka haɗa ta da abin da suka sani tun kaka da kakanni game da gawo, mai zubar da ganye da damina yana ƙara wa gero taki. Masu bincike da hotunan tauraron ɗan Adam sun ƙiyasta cewa itatuwa sun farfaɗo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Sabara da kalgo da aduwa da ke tohowa a gonakin Maigatari irin waɗancan ne.

Kammalawa

Troup ta fara da majinyata uku da littafin rubutu. Wall ya fara da zama a ƙauye yana sauraron mutane. Rinaudo ya fara da duba tohon da kowa ke takawa ya wuce. Ɗalibin da ke fatan shiga Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, ko Kwalejin Ilmi ta Gumel, yana da abin da babu baƙon masanin da ke da shi, wato harshen mutanensa da sanin gonarsu da rijiyarsu. Malamin kimiyya na iya sa ɗalibansa su ƙirga kututturan da ke toho a gona guda, su auna tsawonsu a farkon damina da ƙarshenta, su rubuta abin da suka samu shekara bayan shekara. Bincike ke nan, kuma daga irin wannan ƙaramin littafin rubutu manyan masana suke farawa.