Madubin Karatu da Mai Raunin Gani

A cibiyoyin yaƙi da jahilci akan ga dattijo ya fara karatu da zafinsa, bayan wata biyu a neme shi a rasa. In an tambaye shi sai ya ce kansa ya tsufa. Sau da yawa kuwa kan nan lafiya lau yake, ido ne ya gaza, baƙaƙe suna cuɗe masa a kan takarda.

Ƴan'uwa, raunin ido iri biyu ne, kada mu haɗa su.

Na farko shi ne na shekaru. Daga shekara 40 zuwa sama, ido yakan daina ganin abu na kusa sosai. Mutum yana hangen raƙumi daga nesa, amma zura zare a allura ya gagare shi. Wannan mai sauƙi ne. Tabarau na karatu, mai lamba +1 zuwa +3, yakan warware matsalar nan take.

Na biyu ya fi nauyi. Shi ne na wanda cuta ta taɓa idonsa, kamar hawan jinin ido, ko ciwon suga, ko amodari da ya bar tabo. Ganin da ya tafi ba ya dawowa da tabarau, sai dai a yi aiki da wanda ya rage. A nan ne madubin ƙara girma yake da amfani. Akwai na riƙewa a hannu, akwai mai ƙafa da ake ɗorawa bisa takarda, wanda ya fi dacewa da tsoho mai rawar hannu. Wasu ma da ƴar fitila a jikinsu.

To, yana taimakawa da gaske? Yana taimakawa, amma da iyaka. Wanda ya kasa karanta takardar magani, ko umarnin da ke jikin kwalbar maganin ƙwari, yana iya karanta su da kansa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin kuskuren awo a maganin feshin wake yana iya kai mutum asibiti. Sai dai karatun yakan zo da nawa. Dalili kuwa shi ne, duk yadda madubi ya ƙara ƙarfi, filin da yake nunawa raguwa yake yi. Mai ƙarfi sosai kalma ɗaya ko biyu kawai zai nuna, kuma dole a matso da takarda. Da tabarau mai lamba +2,5 ana karatu a nisan santimita 40. Da mai +10 kuwa sai takarda ta zo santimita 10 daga ido, kamar faɗin tafin hannu. Masu zuwa kasuwa su ce a ba su wanda ya fi kowane ƙarfi, galibi a ƙarƙashin gado yake ƙarewa. Matso da takarda kusa ba ya ɓata ido, ko da za a ji ana faɗin haka a gari.

A shekarar 2018 masana na ƙungiyar Cochrane sun tattara binciken da aka yi a kan waɗannan kayan. Sun ga alamar cewa na'urar lantarki mai nuna rubutu a allo takan sa karatu ya fi sauri, amma hujjojin ba su kai a ce ga wanda ya fi wa kowa ba. Na'urar nan tana da tsada. Duk da haka wayar salula mai kamara tana yin kusan aikinta: a ɗauki hoton takarda, a buɗa shi da yatsu biyu.

Haske ma rabin aiki ne. A zauna a inuwa mai haske, hasken ya fito ta bayan kafaɗa ya sauka kan takarda. Malamai su yi rubutu manya-manya da baƙin alƙalami mai kauri. Baƙin kwali da aka yanke wa ƴar taga yana hana ido ɓata layi. Kuma kada a bar madubi a rana, yana iya kunna wuta a zana.

Kafin sayen komai, a je a auna ido. In yana ce ta rufe shi, aikin likita yakan dawo da gani, madubi ɓata lokaci ne. Hawan jinin ido kuma yana ci a ɓoye, sai an tare shi da magani. Ana duba ido a manyan asibitocin Yamai, Maradi, Damagaram da Tawa. Mai zuwa ya tafi da littafinsa na karatu ko takardar maganinsa, a gwada masa madubin a kansu tun yana gaban likita.