Taswirar titunan unguwannin gefen gari: inda ake samun ta da yadda ake gyara ta

0. Gabatarwa

Mai nazarin harshe a cikin gari ba ya rabuwa da buƙatar taswira: zai so ya nuna inda ya ɗauki magana, da inda Hausa da Zabarmanci suke cuɗanya, da inda wani lafazi ya tsaya. Wahalar ta fi yawa a unguwannin gefen gari, irin su Saga da Bobiel a Yamai, ko Garin Malam a Damagaram, domin gine-ginensu sun fi masu zanen taswira sauri. Unguwar da ba ta fito a taswira ba kuwa, da wuya mutanenta su shiga lissafin mai bincike. Manufar wannan ƴar maƙala ita ce bayyana irin taswirar da take karɓar gyara, da wuraren samun ta, da abin da ya kamata a kula da shi kafin a sa ta cikin kundi.

1. Taswirar ɗigo da taswirar layi

A cikin kwamfuta, taswira iri biyu ce. Ta farko za mu kira ta taswirar ɗigo (raster): hoto ne da aka haɗa da ƙananan ɗigo masu launi, kamar fayil ɗin JPEG ko PNG. In an faɗaɗa ta sai ta dushe, kuma ba a iya cire sunan titi ba tare da an ɓata abin da yake ƙarƙashinsa ba. Ta biyu ita ce taswirar layi (carte vectorielle). A nan kwamfuta tana ajiye kowane titi a matsayin layi mai wuraren lanƙwasa sanannu, kowane gini a matsayin zobe rufaffe, kowane suna a matsayin rubutu. Abubuwan suna jere falle-falle: fallen tituna daban, na gine-gine daban, na ƙoramu daban. Ke nan ana iya ƙara kaurin hanyar kwalta, a ɓoye gine-gine, a sake rubuta suna, sauran kuma ba su motsa ba. Fayilolin wannan iri su ne SVG da DXF da shapefile da GeoJSON. PDF kuwa yana iya ɗaukar kowane iri, sai an faɗaɗa shi ake gane abin da ya ƙunsa.

2. Wuraren samu

2.1. Hukumomi. Cibiyar taswira ta ƙasa, IGNN, da ofisoshin filaye na magadan gari su ne tushen farko. Taswirar yankan filaye (lotissement) tana da amfani, amma tana nuna abin da aka tsara ne. Sau da dama titin da yake a takarda an gine shi, ko ruwa ya cinye shi, unguwar da mutane suka zauna ba da yanka ba kuma ba ta ciki sam.

2.2. OpenStreetMap. Steve Coast ya kafa wannan taska a Ingila a 2004, masu sa kai ne suke cika ta. Tun 2012 tana ƙarƙashin lasisin ODbL, wanda ya yarda a ɗauka, a gyara, a buga, muddin an ambaci tushen a jikin taswirar. Kamfanin Geofabrik na Jamus yana fitar da fayil ɗin Nijar gaba ɗaya, yana sabunta shi kullum. Ingancin bayanin ya danganta da ƙoƙarin waɗanda suka zana wurin, shi ya sa tsakiyar gari ta kan fi gefe cika.

2.3. Zanen gine-gine. A 2021 Google ya saki tarin bayanan Open Buildings, wato siffofin gine-ginen Afirka da na'ura ta tsamo daga hotunan tauraron ɗan adam. Yana taimakawa wajen ganin iyakar unguwa, sai dai babu sunaye a ciki, kuma na'ura ta kan yi kuskure a inda ginin laka da ƙasa suke launi ɗaya.

Shi kuwa Google Maps, sharuɗɗansa sun hana kwafar tituna daga kansa. Ɗalibin da ya ɗauki hoton allo ya liƙa a kundinsa ya samu taswirar ɗigo ce kurum, wadda ba ta gyaruwa, ba ta kuma fita da kyau a wurin bugu.

3. Matakan aiki

Shafin OpenStreetMap yana ba da SVG kai tsaye, amma kome a cakuɗe yake fitowa, sunayen ma zane ne, ba rubutu ba. Hanya mafi dacewa ita ce a bi ta manhajar QGIS, wadda kyauta ce.

(a) A shigar da fayil ɗin Geofabrik, ko a jawo unguwar da ake so kaɗai da ƙarin manhajar QuickOSM.

(b) A zaɓi tsarin shimfiɗa da ya dace. Bayanin yana zuwa da digiri ne, alhali a wajen digiri 13 zuwa 14 arewa da ikwaita, digirin gabas da yamma ya gaza na kudu da arewa da wajen kashi 2 cikin 100. In ba a gyara ba, unguwa za ta buɗe ta gefe. Yamai da Tawa suna cikin yankin UTM 31 Arewa (EPSG:32631), Maraɗi da Damagaram suna cikin 32 Arewa (EPSG:32632).

(c) A rarraba tituna gwargwadon matsayinsu: manyan hanyoyi, titunan cikin unguwa, turbobi.

(d) A fitar da SVG tare da umarni biyu: kowane falle ya fita daban, sunaye kuma su zauna a rubutu.

(e) A ƙarasa ado a Inkscape ko Illustrator, a sa ma'aunin nisa na zane da kibiyar arewa. Ma'aunin zane yana raguwa tare da taswira idan maɗaba'a ta rage ta. Na lamba, kamar 1/5000, nan take yake zama ƙarya.

4. Matsalar sunaye

Nan ne aikin masanin harshe yake. Yawancin sunayen da za a tarar suna cikin rubutun Faransanci: Dan Goulbi, Zengou, Guidan Roumdji, Tchadoua. A ƙa'idar Hausa kuwa Ɗan Gulbi ne, da Zango, da Gidan Rumji, da Cadawa. OpenStreetMap yana da gurbin name:ha don sunan Hausa, da name:dje don na Zabarmanci. Wanda ya cika su ya sauƙaƙa wa na bayansa. Bayan haka sai a zaɓi samfurin haruffa mai ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, kamar Charis SIL ko Andika, in ba haka ba akwatuna ne za su fito a madadinsu.

Sunayen hukuma ma suna canjawa. A watan Oktoba 2024 titin Charles de Gaulle na Yamai ya koma titin Djibo Bakary. Ga kuma titunan da lamba kaɗai suke da ita, kamar masu farawa da YN ko KK, waɗanda mazauna ba su cika ambata ba. Da masallaci ko famfo ko gidan mai unguwa suke kwatance. Saboda haka ya kyautu a ware falle biyu, na sunan hukuma da na sunan baki, domin bambancin da yake tsakaninsu shi kansa abin nazari ne.

5. Kammalawa

Taswirar da aka sauko da ita daftari ce, sai an zaga unguwa da ita a hannu an tabbatar. A rubuta ranar da aka ɗauko bayanin a ƙasanta, tun da unguwar gefe ba ta shekara yadda take. Kada kuma a sa alama a kan gidan wanda aka yi hira da shi. Alamar ta tsaya a kan rukunin gidaje, don amanar mai ba da bayani tana wuyan mai bincike. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, buƙatar taswira mai sunaye da ƙa'idar Hausa za ta ƙaru. Muna ba da shawara sashenmu ya haɗa kai da na labarin ƙasa, a tanadi fayil ɗaya na kowane gari, kowane ɗalibi ya ƙara gyaransa a kai.