Koyar da Yaro a Gida ba da Littafi Ba

Ya ku iyaye, shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya buɗe makarantu birni da ƙauye, amma har yau sa'o'in yaro a gida sun fi na aji yawa. Ko malami bai ba da aikin gida ba, kada a ce yau babu karatu.

A aiki yaro kasuwar Keffi ya sayo manja da gishiri, ya lissafa canji da bakinsa kafin ya miƙa. A hanya kuwa ya karanta allunan shaguna. Uwar da ba ta yi boko ba ma tana da nata aikin: ta yi masa tatsuniyar Gizo da dare, washegari shi ya maimaita wa ƙannensa. In ya tsallake wani wuri, a tuna masa, kada a ɗauko bulala.